Kukan Giya da Kuloci: Yadda Za a Gane Inda Ciwon Motar Ƙungiya Yake

Kaka ta gabato, kwanan nan motar ƙungiya ba za ta ƙara samun hutu ba. Ga gero da riɗi da zoɓo daga tudu, ga shinkafa daga fadama, ga kuma taki da iri na noman rani a bayansu. Saboda haka a wannan fitowa za mu yi magana a kan wani abu da yakan kwashe asusun ƙungiya farat ɗaya, watau giya da kuloci, da irin kukan da sukan yi kafin su mutu.

Yawanci ga yadda abin yake faruwa. Direba ya zo wurin shugaban ƙungiya ya ce, "Baba, motar nan tana wata ƙara." A tambaye shi wace irin ƙara, ya murɗa baki ya kwaikwaya, kowa ya yi dariya, a ce a bari sai an sayar da riɗi. Ko kuwa a kai ta gareji, makaniki ya kasa kunne na minti ɗaya ya ce a sauke giya. Duka biyu hasara ce. Na fari yakan mai da gyaran boris guda ya zama sayen akwatin giya sukutum. Na biyu kuwa yakan sa a biya ladan sauke giya alhali ciwon yana can wajen taya.

Irin ƙarar ba ita ce babbar shaida ba, gama ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa da inda ya fito, kunnuwan mutane kuma ba ɗaya ba ne. Shaidar da ba ta ruɗi ita ce lokaci: yaushe ƙarar take farawa, yaushe kuma take ɗaukewa. Kowane ƙarfe a cikin giya da kuloci yana da sa'ar da yake juyawa da sa'ar da yake tsaye, wanda yake tsaye kuwa ba ya kuka. Wanda ya san abin da yake juyawa sa'ad da aka taka kuloci da sa'ad da aka sake shi, da ƙafarsa da kunnensa kaɗai zai kusan nuna inda ciwon yake ba tare da ya kwance noti ɗaya ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafar direba

Bayanin da ke biye na motocin da ke ja da tayoyin baya ne, irin su Hilux da Canter, da a-kori-kura ta Peugeot 404 da 504 waɗanda suka cika ƙasar nan bayan buɗe kamfaninsu na Kaduna a 1975, har yanzu kuma ana ganin ragowarsu suna jigilar buhuna.

A bayan injin akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da makanikai ke kira filawil. Muddin injin yana aiki shi ma yana juyawa. A jikinsa fileti yake kwance, watau wani faifai mai fata irin ta birki a fuska biyu, sa'an nan wani murfi mai sifirin mai ƙarfi, wanda a gareji ake ce wa dis, yana danne filetin a jikin filawil. Tsakiyar fileti tana zaune a kan wata sandar ƙarfe da ta shiga akwatin giya. Bari mu kira ta sandar gaba. In direba ya ɗage ƙafa, dis ya danne fileti, sandar gaba ta bi injin. In ya taka feda, wani boris da ake kira rilis yakan matso ya danna yatsun dis, fileti ya saki, injin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, sandar gaba kuwa ta tsaya. Hancin sandar nan yana zaune cikin wani ɗan bushin ko ɗan boris a cibiyar filawil, sunansa failot. Ƙarami ne ƙwarai, amma ku riƙe sunansa.

A cikin akwatin giya sanduna uku ne. Sandar gaba tana juya sandar ƙasa, sandar ƙasa tana juya haƙoran da ke kan sandar baya, sandar baya kuma ita ke miƙa ƙarfi ga farfela, watau dogon bututun da ke tafiya har aksul na baya. Babu famfo a akwatin nan kamar yadda yake a injin. Sandar ƙasa ce take iyo cikin mai tana watsa shi sama ga sauran.

Gwaji a tsaye

A nemi wuri mai tauri, ba rairayi ba, nesa da injin niƙa da hayaniyar tasha. A bar mota ta yi zafi, a ja birkin hannu, a sa weji gaba da baya. Mutum biyu ake bukata, direba a ciki, wani kuma ya tsuguna a gefe yana saurare. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota injin yana aiki, mai babbar riga kuma ya tuɓe ta tukuna.

Da fari a kashe injin a taka feda sau biyar ko shida. In an ji ƙiiƙ ƙiiƙ kamar tsohon ƙyaure, ku gode Allah. Wannan bushewa ce kawai a gindin feda, ko a kebur, ko a cokalin da ke tura rilis. Ɗan giris ya isa.

Sa'an nan a tayar da injin, a bar shi yana silo, giya tana firi, ƙafa ba ta taɓa feda. A wannan hali sandar gaba da sandar ƙasa suna juyawa, rilis da failot kuwa ba su ɗauke da wani nauyi. In akwai gurnani, gurrr, kamar ana jan dutsen niƙa a ɗaki na gaba, sai direba ya taka kuloci har ƙasa ya riƙe. In gurnanin ya yi ta raguwa har ya mutu cikin ɗan lokaci kaɗan, aka saki feda ya dawo, to ciwon yana cikin akwatin giya, boris ne na sandar gaba ko na sandar ƙasa. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Suna cewa tun da taka kuloci ya kashe ƙarar, ai kuloci ne ya lalace. Sam ba haka ba ne. Taka kuloci ya tsai da sandunan giya ne, shi ya sa suka yi shiru. An sha sayen fileti da dis sababbi a kan wannan kuskure, a ɗaura, gurnani yana nan daram.

Amma a bambanta gurnani da kacau-kacau. Motar gas, wadda injinta ke bugawa da ƙarfi a silo, takan sa haƙoran da ba su ɗauke da kaya su riƙa kaɗa juna kaɗan. In ƙarar mara nauyi ce, tana ɓacewa da an ɗan taɓa totur, kuma ba ta ƙaruwa daga wata zuwa wata, a bar ta. In ta yi yawa, sau da dama ƙananan sifirin da ke kewaye da cibiyar fileti ne suka saki.

Yanzu sai akasin wannan. Mota shiru take a firi, amma da direba ya ɗora ƙafa ya fara dannawa, tun feda ba ta kai rabi ba, sai a ji shuuu ko ƙirrr, ya ɗage ƙafa ta ɗauke. Wannan rilis ne. Giris ɗinsa ya bushe, ko ruwa da laka sun shige shi. Akwai kuma wani kuka siriri kamar na gyare, wanda ake ji ƙafa ba ta kan feda, ya ɓace da an ɗan taɓa ta. Sau da yawa wannan yana nuna feda ba ta da wasa, rilis yana shafar yatsun dis dare da rana. Wasa shi ne ɗan tazarar da feda take yi sakwa-sakwa kafin ta fara tauri. A ƙaramar mota kamar faɗin yatsa ɗaya ne, a tarakta ya fi haka, littafin kowace mota kuma ya faɗi nata. Daidaita shi aikin minti goma ne da sifana biyu.

Saura failot. Shi ba ya aiki sai sa'ad da injin yana juyawa sandar gaba kuwa tana tsaye. Don haka a taka feda har ƙasa, a sa giya ɗaya, a riƙe birki. In a nan ne kuka ya tashi, ko ya ƙaru ƙwarai, alhali bai fara ba sa'ad da feda take rabi, to failot ne ya bushe. Kuɗinsa kaɗan ne, amma ba a kai gare shi sai an sauke giya, in kuwa aka ƙyale shi yakan bar sandar gaba tana rawa har ta kashe boris ɗinta.

Akwai kuma kartar haƙora, garrr, sa'ad da za a sa ribas ko giya ɗaya mota tana tsaye. A yawancin tsofaffin motoci ribas ba shi da zoben da ke daidaita gudu, don haka shi ne ma'auni mai kyau. A taka feda har ƙasa, a ƙirga biyar a hankali, a sa ribas. In ya shiga lafiya, garajen direba ne kawai. In har yanzu yana karta, kuloci ba ya saki sarai. A kashe injin a gwada: in giya tana shiga sumul injin a kashe, tana ƙi injin a kunne, an tabbata ke nan akwatin giya ba shi da laifi. Sai a duba wasan feda ko ya yi yawa. In kulocin mai aiki da man birki ne, a duba kwalbar man, a kuma taka feda sau huɗu da sauri a sake gwadawa. In ya gyaru na ɗan lokaci, iska ce ta shiga, ko robar masta ta gaji. Duk wannan gyaran waje ne. Sai an gama da su kaf, ba a ga sauƙi ba, sa'an nan za a yi zancen fileti ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa a kan sandarsa.

Gwaji a kan hanya

A hau kwalta mai kyau, babu lodi, tagogi a buɗe. A bi giya ɗaya bayan ɗaya, a daɗe kaɗan a kowace.

A motocin da muka ambata masu giya huɗu ko biyar irin na a-kori-kura, giya ta huɗu dabam take. A cikinta sandar gaba da sandar baya suna haɗewa su zama ɗaya, ƙarfi ya wuce kai tsaye, sandar ƙasa tana juyawa hannu wofi. Saboda haka in mota tana kuka a ɗaya da biyu da uku, da biyar in akwai, amma ta yi shiru ko ta sassauta ƙwarai a huɗu, ciwon yana ga sandar ƙasa da boris ɗinta, ko haƙoran da ke haɗa ta da sandar gaba. Wannan gwaji ba ya aiki a motocin da ke ja da tayoyin gaba, irin su J5 da Golf, gama ginin giyarsu ba haka yake ba. A Canter kuma a tambayi makaniki wace giya ce ta kai tsaye a irin taku.

In kuka a giya ɗaya tak yake, haƙoran wannan giya ne suka ci. In kuwa ƙwas, ƙwas, ƙwas ne a jere, yana sauri in an ƙara gudu, haƙori ne ya ɓalle, gutsurensa kuma yana yawo cikin mai. Wannan ba ƙarar da za a ce a lallaɓa a kai kasuwa ba ce. A tsaya. Ranar da gutsuren nan ya faɗa tsakanin haƙora biyu, akwatin kansa yana iya tsagewa.

Kartar da ake ji wajen canji kawai, a ce daga ɗaya zuwa biyu, sauran kuwa lafiya, zoben tagulla ne na wannan giya ya side. Ana iya tafiya da shi wata da watanni in direba ya koyi canji irin na tsofaffin direbobin roka: ya taka ya fitar zuwa firi, ya saki, ya sake takawa ya shigar, ba gaggawa. Giyar da take tsalle ta koma firi da kanta kuwa, kafin a zargi cikin akwati a duba robobin da injin da giya suke zaune a kai, gama in sun yage akwatin yakan yi rawa ya fizge sandar. Kada direba ya saba da riƙe sandar giya da hannu ko ɗaure ta da roba. Yana cinye cokalin da ke ciki ne.

Gwaji na ƙarshe shi ne ya fi ceton kuɗi. A kai gudun da ƙarar ta fi fitowa, a wuri miƙaƙƙe da babu mutane ko dabbobi, a taka kuloci a mai da giya firi na ɗan lokaci, injin ya koma silo. In ƙarar ta ci gaba kamar ba a yi kome ba, tana raguwa ne kawai yadda gudun mota yake raguwa, to ba ta injin ba ce, ba ta kuloci ba ce, da wuya kuma ta zama ta gaban giya. A nemi ta daga wutsiyar giya zuwa baya. Boris na taya yakan canza murya in an karkata sitiyari dama ko hagu. Tulun da ke tsakiyar aksul na baya yakan yi kuka in an taka totur ya canza in an saki. Gwaf guda ɗaya wajen tashi ko wajen sa ribas kuwa, yawanci kuros ne, watau gaɓar farfela mai siffar gicciye. A kashe injin, a sa weji, a kama farfela da hannu biyu a murɗa, in akwai wasa a gaɓar za a gani da ido.

Mai, da ruwa, da rairayi

Kome aka ji, kafin a kai mota ko'ina a duba man giya. Abin mamaki ne yadda direban da ba ya fashin duba baƙin mai kowace safiya zai shekara biyu bai buɗe notin giya ba. Notin gefe ake fara kwancewa, ba na ƙasa ba, don kada a zubar da mai sa'an nan a tarar na gefen ya ƙi fita. Mota tana tsaye daidai, mai ya kamata ya taɓo bakin ramin. In an zura yatsa ba a taɓo shi ba, an riga an sami rabin amsa.

A tare man a farar roba a duba shi a rana. Notin ƙasa a motoci da yawa yana da maganaɗisu. Ɗan laushin ƙarfe kamar toka a kansa ba kome ba ne. Gutsattsari da ake ji a yatsa kamar tsakin dawa, wannan boris ne ko haƙori yake rududdugewa. Ƙyalli ruwan zinariya cikin mai, zoben tagulla ne. In kuwa man ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga.

Wannan na ƙarshe shi ne ciwon ƙasarmu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwan kogin Haɗejiya bai tsaya ga ruwan saman da ya sauka a nan kaɗai ba, ga kuma kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa tana tura shi gonaki da hanyoyi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 ba su bukatar a ba su labari. Ko a shekarar da babu ambaliya, motar da ke shiga fadama ɗauko shinkafa ba ta rasa ratsa ruwa. A saman akwatin giya da saman aksul akwai wata 'yar ƙofa ta shan iska. In akwati mai zafi ya faɗa ruwa mai sanyi, iskar ciki takan tsuke ta zuƙo ruwa ta ƙofar nan ko ta bakin sil. Mota za ta fito tana tafiya lafiya lau, direba ya yi murna, tsatsa kuwa ta fara aikinta a boris. Bayan wata biyu, daidai tsakiyar jigila, gurnani ya tashi, ba wanda ya tuna ranar da aka ratsa ruwa. Don haka kwamiti ya kafa doka: duk ranar da ruwa ya haura cibiyar taya, kashegari a duba man giya da na aksul. In mota ta kwana a tsaye, a ɗan sassauta notin ƙasa, ruwan da bai gauraya ba shi zai fara ɗigowa domin ya fi mai nauyi. Kada kuma a taka kuloci a tsakiyar ruwa in ba tilas ba, gama laka takan shiga tsakanin fileti da filawil. A zaɓi giya tun a bakin gaɓa a wuce da ita.

A zuba man da masu ƙera motar suka ce. Hilux tana shan man giya mai lamba 75W-90 ko makamancinsa, amma akwatin giyar tsofaffin Peugeot 404 da 504 man injin aka rubuta masa, mai kauri kuwa yakan sa giyarsa ta yi tauri da sanyin safiya. Akwai masu zuba mai lamba 140 don su kashe kuka. Yana rage ƙara, gaskiya ne, amma bai warkar da kome ba, ya dai toshe mana kunne. Mai sayen tsohuwar mota ya lura da wannan dabara.

Rairayin tudu kuwa kuloci yake ci. Mota ta nutse da lodi, direba ya riƙe rabin kuloci yana danna totur, wari kamar na ƙonannen birki ya tashi. Minti kaɗan na wannan ya fi tafiyar watanni cin fileti. Gara a sauke buhuna biyar, a tone gaban taya, a shimfiɗa kara ko zana, a rage iskar taya kaɗan, a fita a hankali. A-kori-kura kayan tan ɗaya ne ko kusa da haka aka gina ta ta ɗauka, watau buhu goma masu kilo 100. Kowa ya san nawa ake ɗora mata ranar da ake hanzarin kai kaya Gujungu, balle mu da kasuwar take ci ranar Lahadi, ana so a gama kome sahu ɗaya bayan an tashi sujada. Kulocin da ya fara sulɓi ba ya kuka sosai: injin ne yake ihu mota ba ta ƙara gudu. A gwada shi haka: birkin hannu, weji, giya ta huɗu, a saki feda a hankali da ɗan totur. Injin ya kamata ya mutu nan da nan. In ya ci gaba da aiki ƙafa tana sama, fileti ya ƙare ko mai ya jiƙa shi. Sau ɗaya ake wannan gwaji, ba a maimaitawa.

Tarakta

Ƙungiyoyin da ke da Massey Ferguson, irin 135 da 165 da 375, gwajin tsaye duka ya shafe su, amma akwai ƙari. Yawancinsu kulocinsu hawa biyu ne. Rabin farko na feda yana tsai da tafiya, in an danna har ƙasa sa'an nan sandar baya mai juya injin casa ko famfo take tsayawa. In tafiya tana tsayawa lafiya amma sandar bayan tana karta wajen sawa, daidaitawa ce ta hawa na biyu ta kauce, ana kuwa yinta ta murfin da ke ƙarƙashi ba sai an raba tarakta ba. Tsofaffin kuma giyarsu ba ta da zoben daidaita gudu, sai an tsaya cik ake canzawa. Yaron da ya koyi tuƙi a ƙaramar mota yakan so ya canza yana tafiya, daga nan haƙora suke fara ɓallewa.

A ƙarƙashin gidan kuloci akwai wani ɗan rami da aka saƙala wa fil mai kaɗawa. Ba kuskure ba ne, an sa shi ne don ya hana ramin toshewa, man da ya yoyo ya sami hanyar fita maimakon ya jiƙa fileti. Kada a liƙe shi, a riƙa zungure lakar da ta cushe shi. Abin da ke ɗigowa daga nan labari ne: baƙin mai daga sil na bayan injin yake, mai haske kuwa daga giya. A taraktocin nan mai ɗaya ne yake hidimar giya da aksul na baya da famfon ɗaga garma, saboda haka ruwan da ya shiga wuri ɗaya ya ɓata uku. Ba sai an ratsa kogi ba ma. Robar da ke gindin sandunan giya in ta tsage, ruwan sama yana bin sandar ya gangara ciki duk daminar da tarakta ta kwana a waje. Roba ce ta kuɗi kaɗan, kafin a samo ta ma ana iya kifa gwangwani a kan sandar.

Taraktar da ta daɗe a ajiye cikin danshi, fileti yakan manne da filawil saboda tsatsa, a taka feda ba ta saki. Maganinsa tun kafin ajiya ne: a danne feda da itace a bar ta haka, ko a riƙa tayar da ita ana motsawa kowane mako biyu. Gyaran kulocin tarakta sai an raba ta gida biyu, aikin da ba a yinsa a kan rairayi da jak ɗaya.

In za a je gareji

Magatakarda ya rubuta abin da aka gano a takarda: ana jin ƙara a firi ko a'a, taka feda yana kawo ta ko yana kashe ta, a wace giya, yaya man yake. Makaniki nagari yakan yi murna da irin takardar nan, gama ta rage masa lalube. Wanda ya ƙi duba ta, ya ce shi dai a sauke, sai a gwada wani.

Rilis mai kuka yana iya kai mota gida, har ya yi 'yan kwanaki in direba ya rage taka kuloci, amma ranar da ya kafe zai cinye yatsun dis. Gurnanin boris tare da gutsattsari cikin mai, da ƙwas-ƙwas na karyayyen haƙori, ba a jira da su. In za a ja motar nesa, a ce daga Kaugama zuwa Haɗejiya ko Kano, a kwance farfela tukuna. Injin a kashe sandar ƙasa ba ta juyawa, ba ta watsa mai, sandar baya kuwa tayoyi suna juya ta a bushe.

In an riga an sauke giya, ladan aiki ɗaya ne ko abu ɗaya aka sake ko huɗu. Shawararmu ita ce a sake fileti da dis da rilis da failot tare, a kuma duba sil na bayan injin. Ma'aji zai ɓata fuska, amma sauke giya sau biyu cikin shekara ɗaya ya fi wannan tsada, ban da kwanakin da mota za ta yi a kwance riɗi yana jira. Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano sayen kaya ya tafi da tsofaffin a hannu, ya gwada su da sababbi, ya ƙirga haƙoran cibiyar fileti, gama mota iri ɗaya takan zo da giya iri biyu. In akwatin giya na Beljiyam za a saya, a sa shi a kowace giya a juya sandar gaba da hannu, a girgiza ta a ji wasanta, a kuma buɗe notin ƙasa a gaban mai shago.

Ƙurar da ke cikin gidan kuloci kada a busa ta da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin fileti da waɗansu masu araha suna da wani zare da ake kira asbesto, wanda ke lalata huhu bayan shekaru. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Wani daga cikin kwamiti ya tsaya a ga abin da aka fitar da abin da aka ɗaura, tsofaffin kayan kuma a dawo da su ɗakin ajiyar ƙungiya, a rubuta ranar gyaran da lambar kilomita a littafin mota.